Ɗigon mai a ganyen rumman: cutar da mai lambu ke shigo da ita da hannunsa

Wanda ya tashi a Birnin Shehu ya san rumman a matsayin iccen tsakar gida. Ɗaya ne ko biyu, a gefen rijiya ko inda ruwan alwala ke gangarawa. Yawanci ma ba saye aka yi ba. Uwargida ce ta je barka gidan 'yar'uwarta, ta ga nasu ya yi kyau, ta ce a karyo mata reshe. Idan ya haihu yara su riga kowa, ɓawon kuma a shanya a ajiye saboda ranar da cikin wani zai ɓaci. Ana ganin girmansa domin sau uku aka ambace shi a Alƙur'ani, biyu a Suratul An'am, ɗaya a Suratur Rahman, amma ba wanda ke lissafin kwando nawa zai fitar.

Yanzu lissafin ya fara shigowa. Mai fili a fadamar Kwalkwalawa ko Kware, ko can wajen Wurno inda ruwan madatsar Goronyo ke kaiwa, ya ga kuɗin da ake sa wa jan rumman ɗan waje guda ɗaya a teburin masu kayan marmari, ya ji kuma an ce icce ne mai jure zafi da ƙishi, sai ya fara cigiyar inda zai samu dashe. Tunanin ba shi da aibu. Ko lambunan Timiya da ke cikin duwatsun Azbin a Nijar, da rumman aka san su, kuma can sun fi mu ƙarancin ruwan sama nesa ba kusa ba. Sai dai icce biyu a tsakar gida daban, icce 700 a hekta ɗaya daban. Wanda ya shiga na biyun ya gaji cututtukan da ke bin manyan gonaki, kuma a cikinsu babu wadda ta sa manoman rumman kuka kamar wadda ke farawa da ɗan ɗigo a ganye.

Ɗigon ba ya tsorata kowa a ranar farko. Ƙarami ne, kamar an ɗiga man gyaɗa a takarda, kuma ya fi fitowa ta bayan ganyen. Ka tsinko ganyen ka ɗaga shi saitin rana, za ka ga wurin ya jiƙe daga ciki, haske na ratsa shi. Bayan kwanaki sai tsakiyar ta koma ruwan ƙasa mai duhu, har ta yi baƙi, da rawaya zagaye da ita. Ɗige-ɗigen su haɗe, ganyen ya yi rawaya gaba ɗaya ya faɗi. Manoman Maharashtara a Indiya saboda wannan maiƙon suke kiranta teliya, wato mai mai. Da a ganye ta tsaya da an yi haƙuri da ita. Tana gangarawa reshe, ta zauna a gaɓa inda ganye ke tsirowa, ta yi baƙin gyambo da ke zagaye reshen a hankali har ya shaƙe shi, iska kaɗan ta karya. Sannan ta hau 'ya'yan, inda kuɗin yake. Tabon maiƙo ya bayyana a ɓawo, ya yi baƙi, ya bushe, ya tsage a kusurwa ko ya rabu gida uku kamar sawun kaza, daga nan ɗan ya buɗe baki. Wanda ya buɗe baki kuwa ba mai sayensa, ƙuda da ruɓa ne ke gadonsa.

Mai haddasa wannan duka bakteriya ce, wato ƙwayar cuta da ido ba ya gani, daga dangin da masana ke kira Zantomonas. Sunan daga kalmar Girkanci ce mai nufin rawaya, domin idan aka rene ta a ɗakin gwaji launin da take bayarwa ke nan. Ba baƙin dangi ba ne a wurinmu. 'Yan'uwanta ne ke ƙona ganyen auduga da na wake da na rogo, wata ce ke busar da bakin ganyen shinkafa, wata kuma ke sa baƙin tabo a mangwaro. Kowacce da shukar da ta keɓanta da ita, don haka ta wake ba za ta tsallaka ta kama rumman ba, ta rumman ma ba ruwanta da albasa. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne yauƙi. Ƙwayar tana lulluɓe kanta da wani majina-majina mai danƙo, kamar na kuɓewa, wanda ke kare ta daga bushewa, ya kuma manna ta a duk abin da ya taɓa ta: yatsa, almakashi, rigar lebura, ƙafar ƙwaro.

Ba ta da haƙoran huda ganye, kuma ba ta tashi sama da kanta kamar ƙurar fumfuna. Ƙofa take nema a buɗe. Ko dai ƙananan kafofin da ganye ke numfashi da su, ko rauni. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, rumman kuwa icce ne mai tsaga bangon kansa, domin ƙayarsa na karce ganyensa da 'ya'yansa duk lokacin da iska ta kaɗa. Yanzu a tuna yadda hadarin Sakkwato ke zuwa. Iska ce ke fara isowa da yashi tana zabga wa ganye, sannan ruwan ya biyo a karkace. Iskar ta buɗe raunuka dubbai, ruwan ya narkar da yauƙin da ke kan tsohon gyambo ya fantsama shi cikin raunukan. Da ƙwayar ta shiga sai ta zauna a tsakanin naman ganyen tana rabuwa biyu, biyu su zama huɗu. Wannan jiƙewar da ake gani idan an ɗaga ganye saitin rana, aikinta ne daga ciki.

A Delhi aka fara ba da rahoton cutar, a 1952, kuma ta yi kusan shekara 50 ba a ɗauke ta da wani muhimmanci ba. Abin da ya sauya ba ƙwayar ba ce, noman ne. Jihohin Maharashtara da Karnataka sun rungumi rumman a matsayin abin fitarwa waje, aka cika gundumomi irin su Solafur da Nashik da Sangli da iri guda, musamman jan nan mai sheƙi da ake kira Bagwa, wanda kasuwa ke so, cutar ma ke so. Kowa na neman dashe a lokaci ɗaya, masu reno kuma suna yanko rassa daga duk gonar da suka samu. Daga wajen shekarar 2000 abin ya zama annoba. Masu bincike a can sun sha ambaton asarar kashi 60 zuwa 80 cikin 100 a gonakin da ta yi wa kamun kazar kuku, wasu manoman kuma suka tumɓuke itatuwan gaba ɗaya. A 2005 gwamnatin Indiya ta buɗe cibiyar bincike ta ƙasa kan rumman kaɗai a Solafur. An ga cutar a Pakistan, an ba da rahotonta a Afirka ta Kudu a 2010, daga baya kuma a Turkiyya.

Akwai maganar da ake yawan yi idan aka kawo irin wannan labari, wai ai mu nan zafin ranar Sakkwato kaɗai ya isa ya kashe kowace cuta. Ina ganin wannan ce maganar da ta fi haɗari a cikin batun gaba ɗaya. Solafur ba kurmi ba ce. Yanki ne da aka sani da fari, damina ɗaya gare shi daga Yuni zuwa wajen Satumba, kuma ruwan da yake samu a shekara bai yi nisa da milimita 600 zuwa 700 da muke samu a nan ba. Don bushewar ne ma aka kai rumman can tun farko. Ƙwayar ba ta bukatar shekara ta ruwa. Abin da take so shi ne zafi tsaka-tsaki, digiri 25 zuwa 35, da laima a iska, da yayyafi a kai a kai. Wannan kuwa siffar watan Agustanmu ce sak. Zafin Afrilu mai wuce digiri 40 da busasshiyar iskar hunturu suna tsayar da ita, gaskiya ne, amma tsayarwa ce kawai. Tana kwance cikin gyambon reshe da cikin idon toho, lulluɓe da yauƙinta, har hadarin farko ya taso.

Idan ta bayyana, ƙafar mai lambu shagon maganin feshi take nufa. “Alhaji, iccen ga ya kamu, ba ni magani mai ƙarhi.” Mai shago ya miƙo kwalba ya ce, “Ga wanga, Baba, shi ka kashe komi.” Babu maganin da ke kashe komai. Yawancin abin da ke kan kantar nan ko dai na ƙwari ne, ko na ciyawa, ko na cututtukan fumfuna irin wanda masu albasa ke fesawa idan ganye ya fara tabo. Bakteriya halitta ce daban da waɗannan duka, kamar yadda maganin tsutsar ciki ba ya taɓa zazzaɓin cizon sauro. Mutum ya fesa sau uku, sau huɗu, kuɗi su tafi, ya kuma ƙara wa kansa ɓarna, domin feshi mai ƙarfi a kan icce mai ciwo ruwan sama ne na hannu, yana ɗauke ƙwayar daga wannan reshe ya kai wa wancan.

Kafin ma a kai ga magani, sai an tabbatar da cutar, domin ba kowane baƙin tabo ne teliya ba, kuma ba kowace tsagewa ba. Rumman na tsagewa idan ya sha ƙishi sannan aka tuttula masa ruwa lokaci guda: ciki ya kumbura, ɓawon da ya riga ya ƙeƙashe ya kasa miƙewa. Irin wannan tsaga tsaf take, babu tabo a bakinta. Rana ma na ƙona gefen da ke fuskantar yamma ya yi baƙi. Tabon fumfuna kuma busasshe ne tun farkonsa, ba ya da wannan jiƙewar. Na bakteriya idan ka ɗiga masa ruwa ka jira kaɗan ka shafa, za ka ji danƙo a yatsa, kuma da wuya ka same shi a 'ya'ya ba ka samu baƙin gyambo a gaɓar rassa ba. Wanda ya ga alamun nan sun haɗu, ya sa ganye da reshe a leda ya ɗaure ya kai wa malaman gona, ko tsangayar aikin gona ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a duba da madubin ƙara girma. Ya wanke hannunsa kafin ya taɓa wani icce.

Abin da ke taɓa bakteriya a cikin kayan feshi shi ne sinadarin tagulla. Tsohon haɗin nan na Bodo, wanda masu inabi a Faransa suka gano a shekarun 1880, har gobe ana amfani da shi: kilo 1 na shuɗin gishirin tagulla, kilo 1 na farar hodar layim, a lita 100 ta ruwa. Layim ɗin wanda aka gasa aka jiƙa ake nufi, ba ɗanyen dutsen siminti na Kalambaina da mutum zai daka ba. A robar ruwa ake haɗawa, ba a bokitin ƙarfe ba, kuma a ranar ake amfani da shi. Tsofaffin manoma kan tsoma wuƙa mai haske a ciki, idan ta fito da ja-ja a jikinta to haɗin zai ƙona ganye, sai a ƙara layim. Idan icce na da ɗanyen toho rabin wannan ƙarfin ake yi. Amma a fahimci iyakarsa. Tagulla a bayan ganye take zama, mai gadin ƙofa ce. Ƙwayar da ta riga ta shige ciki ta fi ƙarfinta, ruwan sama kuma na wanke ta, sai an maimaita.

Manoman Indiya sun daɗe suna haɗa tagulla da magungunan kashe bakteriya irin na asibiti, sitireftomaisin da tetirasaikilin. Na farkon maganin tarin fuka ne. Yawan watsa shi a gona yana koya wa ƙwayoyin cuta jure masa, har a 2021 hukumomin ƙasar suka fitar da daftarin dokar hana amfani da su a noma. Na kawo wannan ne domin na san halinmu. Ranar da wani ya ji cewa bakteriya ce, washegari za a ga ana farke kafso ana zazzagewa a famfon feshi. Ba zai warkar da iccen ba, kuma ranar da yaro ya kwanta yana bukatar maganin, mu ne za mu biya bashin.

To, idan feshi ba ya warkarwa, ina maganar take? Tana wurin dashe. Rumman na kasuwa ba da ƙwallo ake shuka shi ba, domin ɗan ƙwallo ba lallai ya gado uwarsa ba, ka shuka mai zaƙi ka samu mai tsami. Da reshe ake yi, ko a yanka a kafe, ko a feƙe ɓawon reshen a ɗaure masa ƙasa har ya yi saiwa yana jikin uwar sannan a cire. Duk abin da ke jikin uwar yana jikin ɗan. Muguntar wannan cuta ita ce reshe na iya ɗauke da ita yana kore shar, ba tabo ko ɗaya, sai bayan watanni da dasawa ta bayyana. Iska da ruwa daga icce zuwa icce suke kai ta, ko daga lambu zuwa na maƙwabci. Ba iskar da za ta ɗauko ta daga Solafur ta sauke a Dundaye. Jaka ce ke iya wannan: ta ɗalibin da ya dawo hutu, ta ɗan kasuwa, ta mai tallan “irin Indiya” a Facebook wanda bai san gonar da aka yanko reshen ba. Dokar ƙasa ta ce kayan shuka ba sa shigowa sai da izini da binciken hukumar killace kayan gona ta tarayya, kuma wannan na cikin wuraren da nake ganin takardar gwamnati ba wahalar banza ba ce. Ko dashen da aka rena a kwalba a ɗakin gwaji, tsabtarsa ta ranar fitowa ce. Ba shi da garkuwa, idan ya tarar da cutar a gona zai kamu kamar kowa.

Bayan dashe sai almakashi. Lebura ɗaya da adda ɗaya na iya zagaye lambu da cutar kafin azahar. Ruwan bilic na wanki a gwangwani ya isa, a riƙa tsoma bakin almakashin kafin a koma icce na gaba, da yamma a ɗauraye a shafa mai don kada ya yi tsatsa. A yi askin rassa a busasshiyar rana, a yanka ƙasa da gyambon da faɗin yatsa uku ko huɗu, a shafe bakin yankan da haɗin Bodo mai kauri. Sai kuma ɗabi'u biyu namu da ba za a same su a littafin Indiya ba. Ba ma jefar da reshe mai ƙaya, shinge muke yi da shi saboda awaki, wato mu ɗauki cutar mu jera ta a kan iyakar lambu tana jiran damina. Ganyen da ya zube kuma mukan share shi zuwa juji, ya dawo a matsayin taki. A tsurar ƙasa ƙwayar ba ta daɗewa, amma a cikin busasshen ganye da reshe tana yin watanni. Wuta ce kawai wurinsu.

Ban ruwa ma da nasa. Mai tiyo yakan ji tausayin iccen da ƙurar hunturu ta rufe ya yi masa wanka tun daga sama. An ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, amma a nan ruwan a gindi ake so, ganye ya zauna a bushe. Haka mai shuka albasa ko tumatir a tsakanin ƙananan itatuwa don kada fili ya zauna banza: ruwan da takin yuriyar da yake ba su kullum suna sa rumman fitar da lallausan toho ba hutu, wanda shi ne abincin cutar. Tazarar da cibiyar Solafur ke ba da shawara, mita 4.5 tsakanin layi da mita 3 tsakanin icce, don iska ta ratsa ganye ya bushe da wuri ne.

Wurin da nake ganin Sakkwato na da abin da za ta yi wasa da shi shi ne lokaci. A ƙasa mai zafi rumman ba shi da kaka guda, yana iya fure kusan duk lokacin da ya samu ruwa bayan ƙishi. Manoman Indiya sun raba shekara zuwa fure uku: na Janairu da Fabrairu, na Yuni da Yuli, da na Satumba da Oktoba. Sukan zaɓi ɗaya, su hana iccen ruwa na wasu makonni ya huta ya zubar da ganye, sannan su yi aski su ba shi taki da ruwa ya fito da fure gaba ɗaya. Furen Yuni ne ya fi sauƙi domin sama ce ke ban ruwa, shi ne kuma wanda teliya ta fi cinyewa, tunda 'ya'yan na girma a tsakiyar damina. Shawarar da aka ba yankunan da annobar ta yi tsanani ita ce su koma furen Satumba da Oktoba.

A auna wannan da kalandarmu. Daga fure zuwa nuna wata 5 ne zuwa 6. Iccen da aka bari da ikon Allah zai yi fure da ruwan farko, 'ya'yansa su ci Agusta a waje. Wanda aka sa ya yi fure a Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, 'ya'yansa za su girma cikin hunturu inda ba laimar da ƙwayar ke so, a tsinke a Maris, wanda a 'yan shekarun nan bai yi nisa da kasuwar azumi ba. Wahalarsa ita ce hutun da ya kamata ya riga furen yana faɗowa lokacin da sama ba ta gama zuba ba, ba ka kuma iya kashe hadari kamar yadda kake kashe inji. Jigawa mai yashi da ke tsotse ruwa da wuri ta fi laka ta fadama dacewa da wannan, kuma a Indiya da wani sinadarin zubar da ganye suke taimaka wa iccen. Idan aka jinkirta hutun zuwa Nuwamba, furen ya koma Janairu, an samu sauƙin hutu amma an kai 'ya'yan bakin zafin Afrilu mai ƙona ɓawo, nunarsu kuma ta haɗu da ruwan farko mai tsaga su. Kowanne da kuɗinsa, kuma duka biyun suna bukatar rijiya ko bohol da ba ya ƙafewa a rani. A ganina mai son shiga harkar ya raba 'yan itatuwansa na farko gida biyu ya gwada lokutan nan a ƙasarsa, kafin ya cika hekta.

Duk wannan lambu ɗaya ba ya iya shi shi kaɗai idan lambuna sun haɗa iyaka. Wanda ya share nasa ya ƙona, maƙwabcinsa kuma ya bar icce uku masu gyambo a bakin shinge saboda “ai har yanzu suna haihuwa”, hadari ɗaya ya isa ya mayar da shi inda ya fara. Shi ya sa a Indiya ake ba da shawarar yi wa ƙauye guda tsari guda, lokacin hutu ɗaya, lokacin fure ɗaya. Mu da ba mu kai ga cika fadama da rumman ba, aikinmu ya fi nasu araha. Sabon dashe, ko daga ina ya zo, ko da kyautar surukai ce, a ajiye shi cikin ledarsa a wani lungu nesa da sauran, a ba shi almakashinsa daban, ya ci damina guda cur ana ɗaga ganyensa saitin rana duk mako. Idan Oktoba ta yi ba ɗigon mai, a haƙa masa rami.